Allurar Gwiwar Inna

Sufeto Ɗalhatu bai gama karya kumallo ba aka shigo masa da wata mata ofishinsa na Bukkuyum, mayafinta duk jar ƙasar hanyar Adabka. Sunanta Safiya. Ko zama ba ta yi ba.

"Yallaɓai, Babana Malam Tasi'u anka kashe. Jiya anka rufe shi."

"Wa ya kashe shi?"

"Mutane sun ce Barau wanzami na, wai ƙaho yay yi mai ga gwiwa ta kumbure, zazzaɓi ya ƙarasa shi. Shina tsare gidan maigari. Ni ko ban yarda ba. Ga abin da nis samu cikin aljihun rigatai."

Ta ajiye wani ɗan kati. A jikinsa an rubuta: Gyaran guringuntsin gwiwa da ƙwayoyin halittar jikinka. Akwai irin katin nan a aljihun Sufeto.

Mai katin, Abdulwahabu, ƙanensa ne na shan nono. Uwar Abdulwahabu ta rasu yana cikin tsumma, Inna, mahaifiyar Ɗalhatu, ta haɗa su ta shayar a Anka, tabarma ɗaya suka tashi. Ya yi shekaru yana aiki a wani asibitin birni, ya dawo Gummi da farar riga da bakin da ke saukar da tsuntsu daga reshe. Shi ya yi wa Ɗalhatu bayani cewa a jikin babban mutum akwai ƙwayoyin halitta da ba su riga sun kama sana'a ba, a ɓargon ƙugu ko a kitsen ciki. Likitoci kan ɗebo su, su tace, su zuba a gwiwar da guringuntsinta ya cinye, ko Allah zai sa ya farfaɗo. Ɗalhatu, mai tuhumar kowa har mai shayin bakin caji ofis, bai yi tambaya ko ɗaya ba. Kwana huɗu da suka wuce shi da kansa ya kai masa Inna, don ta gaji da sallah a zaune.

Ya ɗauki Saje da kofur ɗaya, suka nufi Adabka.

Barau wanzami na zaune a zauren maigari, leɓensa a fashe.

"Ka yi wa mamacin ƙaho?"

"Ban taɓa shi ba, ranka shi daɗe."

"To mi ya kai zabirarka gidansa ran Talata?"

Barau ya sunkuyar da kai. "Na yi mai, amma ga baya. Shekarata talatin da aska, ban aza ƙaho bisa gwiwar da ka zahi kamar garwashi. Kuma na ga ramin allura gefenta. Wanzami ba ya da allura."

Aka kira Nuhu, babban ɗan mamacin. Ya rantse Baba bai taɓa taka Gummi ba a bana. Sufeto ya ɗora katin a kan tabarma. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Nan take Nuhu ya sauya magana.

"Likitan yas sa munka dafa Alƙur'ani ba mu gaya ma kowa. Ya ce aikin sabo na, magauta na nema su rufe shi."

"Sai ka bari a daki Barau don ka tsare rantsuwa? Daga ina ya ce ya ɗebo maganin?"

"Daga ɓargon ƙugun Baba. Ya hidda ni waje, ya ce ba a kallo."

"Wa ya yi wa gawar wanka?"

"Ni da liman."

"To ka tuna da kyau. Ka juya shi dama, ka juya shi hagu, ka cuɗa ko'ina. Ka ga rauni a ƙugunsa?"

Nuhu ya kalli tafin hannunsa. "Akwai filasta. Nic cire ta don ruwa shi kai ga hwata." Ya ɗago kai. "Babu komi ƙarƙashinta, Yallaɓai. Ko cizon sauro."

Sufeto ya fita bayan zaure, ya buga wa matarsa Hidaya waya.

"Je ki ɗaga filastar da ke cikin Inna, inda aka ce an ɗebi kitse. Me kika gani?"

Ya ji takunta, ya ji Inna na mita. Sannan Hidaya ta ce, "Fata ce lafiya lau. Amma gwiwar ta yi zafi tun asuba, ta hana ni gaya maka."

"Ku tafi asibiti yanzu. Yanzun nan, Hidaya!"

Ya sa aka saki Barau. Suka kama hanyar Gummi. Tsoro yake ji, amma abin da ya fi cinsa kunya ce: shi ya riƙe hannun tsohuwar ya tsallakar da ita dokin ƙofar Abdulwahabu.

Ɗakin maganin na wani lungu bayan tasha. Tsofaffi biyar na jere a benci, kowa da sandarsa. Sufeto bai shiga ta gaba ba, ya zaga ta baya, inda ya ga karnuka na rububi a kan wani buhu. Ya kore su, ya zazzage buhun. Ya ɗauki abu ɗaya ya shiga da shi.

"Yaya!" in ji Abdulwahabu, fuskarsa a washe. "Ya jikin Inna? Jibi za mu yi ta hagun."

Sufeto ya ajiye ƙashin cinyar saniya a kan teburin, kusa da sirinji.

"Mene ne wannan?"

"Haba Yaya, ƙashin miya ne."

"Ni da kai gidan mahauci muka tashi. Ƙashin miya da gatari ake fasa shi, kuma a tukunya yake ƙarewa. Wannan ɗanye ne, da zarto aka tsaga shi a tsaye, aka kwashe ɓargon da cokali. Akwai goma sha ɗaya irinsa a baya. Saje, buɗe firjin can."

Kwalabe ne jere, da ruwa jaja-jaja a ciki. Abdulwahabu ya zube a kujera.

"Kwalabe nake wankewa a asibitin," ya ce a hankali. "Ina leƙen likitocin, amma ban taɓa iya huda ƙashin mutum ba. Sai na ce ai ɓargo ɓargo ne. Wallahi wasu sun ce sun ji sauƙi."

"Malam Tasi'u yana kabari. Bar wannan, alƙali zai tambaye ka. Ni abu ɗaya nake so in ji. Inna fa?"

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Ka san abin da ke cikin allurar. Kana iya cewa maganin ya ƙare. Me ya sa ka yi mata?"

"Mutane sun fara ƙorafi." Bai ɗago kai ba. "Da suka ga uwar Sufeto ta fito daga ɗakin nan, kai kana riƙe da ita, kowa ya yi shiru."

Ɗalhatu ya sha jin amsoshin ɓarayi da 'yan fashi, bai taɓa jin irin wannan ba. Ashe nonon da mutumin nan ya sha, allon talla ya mayar da mai shi. Ya karɓi ankwa daga hannun kofur, ya ɗaura masa da kansa.

Suna fita da shi ta gaban tsofaffin benci, waya ta yi ƙara. Hidaya ce. Ta ce likitoci za su buɗe gwiwar su wanke, suna sa ran ƙafar za ta tsira, amma da wuya ta sake lanƙwasuwa. Sai Inna ta fizge wayar, muryarta har Saje yana ji.

"Ɗalhatu, waɗanga ba su san ciwona ba, yanka ni za su yi! Maza ka kira min ƙanenka shi taho. Ɗana Abdu ɗai nika yarda da shi."

Sufeto ya dubi mai ankwa. Ya miƙa wayar har bakinsa.

"Ga ta. Amsa mata."

Abdulwahabu ya buɗe baki, ya rufe. Inna na ta kiran sunansa har kofur ya tura shi cikin mota.