Shara ta Kan Katanga

A wani gari, can da, an yi wata mata mai taƙama da tsafta. Kullum in ta yi shara, sai ta watsa ta kan katanga cikin gidan maƙwabciyarta, tana cewa, "Ƙazama, ga naki!"

Ɓawon albasa, ga naki. Toka da kashin awaki, ga naki. Maƙwabciyar kuwa sai ta kwashe, ta binne a rami.

Damina ta zo, kuɓewar sarauniyar tsafta ta bushe, har miya ta gagare ta. Ta leƙa maƙwabta, ta ga kabewa kamar tulu.

"Ke, wa ya ba ki taki?"

"Ke ce mana, Yaya, Allah ya saka da alheri. Jiya ma ba ki aiko ba, lafiya dai?"