Jan Keken Goggo

Rana ta fara yin sanyi lokacin da wayar ofis ta yi ƙara. Kofur ya ɗauka, ya saurara, sannan ya dubi Sufeto.

"Yallaɓai, an sace keke a masaukin baƙi na bakin tafki. Mai keken ta ce idan ba mu je ba ita za ta zo, kuma ba za mu ji daɗin zuwan nata ba."

Sufeto ya yi murmushi, ya ɗauki hularsa.

Lokacin hutu ne, masaukin ya cika maƙil da masu yawon buɗe ido. Wasu na dawowa daga shiga kwale-kwale da jiƙaƙƙun wanduna, wasu na ta ɗaukar hoto. A ƙarƙashin wata rumfar kwano aka ɗaure kekuna biyu, kusa da su kuma ga sarƙa yashe a ƙasa.

Mai ƙorafin ta haura shekara sittin, ga hular kwano a kan ɗankwalinta. Tsohuwar shugabar makaranta ce, kowa Goggo yake ce mata.

"Mama, yaya abin ya faru?" in ji Sufeto.

"Ɗana, sai da na yi ritaya na koyi hawan keke. Na sha faɗuwa har gwiwoyina sun saba da ƙasa. Bana na ce sai mun zaga ƙasar nan a kan keke, ni da Malam da 'yarmu. Mijinta ne ke bin mu a mota da kaya da ruwan sha. Mun ga doguwar gada, mun shiga kogo, mun ratsa gonaki. Gobe ne za mu hau tudu mu ga ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Tun ina amarya nake jin labarinsa. Na kwanta hutawa bayan cin abinci, na tashi babu jan kekena."

Mijin Goggo na tsaye a bayanta, dogo mai faɗin ƙirji. Tsohon malamin wasanni ne, ɗalibansa suka laƙaba masa Baba Ƙarfe.

"Maigadin nan za ku kama," in ji shi. "Ke kuma kwantar da hankalinki. Gobe ki hau nawa, ni na haƙura na shiga mota."

"Naka da ƙafata ba ta kai feda ba? Nawa nake so."

Manajan masaukin ya matso yana share gumi. "Yallaɓai, muddin keken nan bai fito ba, yau maigadi zai bar aiki."

"Dakata tukuna," in ji Sufeto.

Ya tsuguna ya ɗauki sarƙar. Ba a yanke ta ba, kwaɗon ma lafiyarsa ƙalau, da mabuɗi aka buɗe shi. Ya dubi keken 'yar Goggo, sabo fil mai giya. Ɓarawo ya tsallake wannan ya ɗauki tsohon da fentinsa ya fara ɓarewa.

"Ina mabuɗin?"

"Ɗaya na wuyana," in ji Goggo. "Ɗayan na aljihun mota."

Suka sami surukin a jikin motar yana goge gilashin da babu ƙura a kansa.

"Motar a kulle take?"

"Ƙwarai, yallaɓai. Makullin bai bar aljihuna ba. Ban ma je ko'ina ba."

"To wannan abu mai launin ruwan hoda da ya ɗiga a gaban rigarka fa?"

Surukin ya waiga ya tabbatar matarsa ba ta kusa, ya rage murya.

"Don Allah a rufa min asiri. Likitar haƙori nake aure, ta hana ni shan zaƙi. Na lallaɓa bakin tafki na sha askirim. Makullin kuma na bar shi kan tebur a falo."

"Wa ke falon?"

"Baba kaɗai, yana jin labarai."

Kofur ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Maigadi dattijo ne siriri, idanunsa sun yi ja don tashin hankali.

"Ban taka ko nan da can ba, ranka ya daɗe. Ina bakin ƙofa tun safe."

Likitar, wato 'yar Goggo, ta iso da wayarta tana nuna wa Sufeto hoton keken. Yana duba hotunan sai ya ga wani nata, tana tsaye a kan gadar katako, tafki shimfiɗe a bayanta.

"Wa ya ɗauke ki wannan?"

"Baba maigadi na roƙa. Ya iya hoto sosai."

Maigadi ya sunkuyar da kai. "Na bar ƙofa, yallaɓai, amma ba da daɗewa ba. Kuma na sa sakata kafin in tafi, na dawo na same ta yadda take. Ina da iyali, kada a raba ni da abincina."

"Idan haka ne keken bai fita ba," in ji Sufeto.

Ya zagaya bayan rumfar. Mai ban ruwan fulawoyi ya jiƙa wurin, ƙasa ta yi laushi. Ga sawun taya nan ya miƙe, a gefensa kuma ga sawun takalmi babba.

"Kofur, ka taɓa ganin ɓarawon da ya sami keke ya tura shi da hannu?"

"Sai dai in bai iya hawa ba, yallaɓai."

"Ko kuma ba ya so ya hau. Dubi takun. Ƙafa ɗaya nan, ɗaya can, kamar mai tsallake kwata."

Sawun ya kai su wani ɗaki da ake ajiye tsofaffin kwale-kwale. Kofur ya ɗaga wani tamfol, sai ga jan keke a jingine, an ma sa masa tsumma a ƙarƙashi don kada ya kurje. Sufeto ya sunkuya ya shanshana hannun keken. Warin man zafi ya doki hancinsa har ya yi atishawa.

"Mayar da tamfol ɗin. Tara min su duka a rumfa."

Da suka taru, Sufeto ya jawo wani bencin katako.

"Baba, tun zuwana kake tsaye. Bismillah, zauna."

"Ni ai tsayuwa ba ta dame ni ba. Shekara nawa na yi a filin wasa?"

"Daure dai ka zauna, bayani zan ɗauka."

Baba Ƙarfe ya dubi bencin kamar an nuna masa garwashi. Ya dafa gwiwa, ya fara sauka a hankali. Jikinsa na taɓa katako ya miƙe zumbur, fuskarsa a yamutse. Warin man zafi ya cika rumfar.

"Mun ga keken," in ji Sufeto. "Wanda ya kai shi can ya san inda mabuɗi yake, bai iya hawan sirdi a yau ba, kuma yana shafa man zafi. Ka faɗa da bakinka, ko ni in faɗa?"

Baba Ƙarfe ya cire hularsa.

"Ni ne."

"Malam?" in ji Goggo.

"Ki yafe ni. Tun ranar da muka ratsa gonakin nan sirdi ya gama da ni. A kife nake kwana. Ni ne na cika baki a gida, na ce ke za ki fara gajiya. Ga shi kullum kina gaba kina waƙa, ni ina baya ina addu'a. Da na hango tudun gobe sai gabana ya faɗi."

"To me ya sa ba naka ka ɓoye ba, Baba?" in ji likitar.

"Ai na san halinki. Da sai ki ba ni naki, ke ki shiga mota."

Goggo ta tsaya tana kallonsa. Leɓenta ya fara rawa, sai dariya ta ƙwace mata, ta zauna a kan bencin tana share hawaye da bakin mayafi. Likitar ta kama, surukin ya kama, har manaja.

Can sai Goggo ta tsuke fuska irin ta shugabar makaranta.

"Ciwon na yafe, ɓoyon keken ma na yafe. Amma bawan Allahn nan da ka so a kore shi fa?"

Baba Ƙarfe ya taka a talale har gaban maigadi, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ɗan'uwa, na zalunce ka. Kunya ce ta sa bakina ya riga hankalina. Ka gafarce ni."

"Ya wuce," in ji maigadi. Manaja ma ya ce maganar kora babu ita.

Kofur ya gunguro jan keken. Goggo ta shafa sirdinsa, ta haye, ta zaga filin masaukin, masu yawon buɗe ido na yi mata tafi.

"Gobe kana mota, kai ne mai riƙe min ruwa," ta ce wa mijinta da ta zo wucewa. "Ruwan dutsen nan kuwa tare za mu gan shi."

"Baba, sai ka biyo mu ofis ka ba da bayani a rufe maganar," in ji Sufeto. "Kafin magariba za mu dawo da kai."

Kofur ya buɗe masa ƙofar baya. Baba Ƙarfe ya shiga a karkace, ya zauna da taka-tsantsan. Kujerar ta lotsa da shi, mai laushi kamar katifa. Ya lumshe ido, ya sauke doguwar ajiyar zuciya.

"Sufeto, ofishin naku da nisa?"

"Nan kusa ne, Baba."

"To don Allah ku bi ta doguwar hanya."