Macijin da Ke Bayan Siwic

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufi ana gab da kiran magariba. Injiniya yana zaune a falo da kwamfuta a kan cinya, ko takalmin aiki bai cire ba. Matarsa tana kwashe wanki daga igiya. 'Yarsu tilo, wadda suke kira Lauya saboda ba a kayar da ita a gardama, tana kwance rub da ciki tana aikin makaranta.

"Yaran maƙwabta ne," in ji matar.

Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo. Injiniya ya fita ya zaga gidan, layin tsit, babu ko akuya. Da ya dawo ya tarar da na huɗu a tsakiyar falo, silin kuwa ko tsagewa bai yi ba. Ya ɗauki dutsen, ya ji shi da ɗumi.

Bai gaya wa kowa abin da ya faru a wurin aiki da rana ba, don bai ɗauke shi a bakin komai ba. Shi ke kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta na wani dogon ginin ofisoshi. Ranar an sa shi ya ware wa siwic ɗin ƙasa, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ginin, hanyar kulawa ta daban, wadda suke kira VLAN, don kada kowane ma'aikaci ya riƙa kaiwa ga saitin na'urar. Daga ofishinsa a hawa na uku ya yi aikin. Ya buɗe VLAN mai lamba arba'in, ya mayar da adireshin siwic ɗin cikinta, ya danna. Allon ya tsaya cik. Ashe bai sa lambar arba'in a kan ƙofa ta ashirin da biyar da ta ashirin da shida, inda aka jona kebul biyun da ke hawa zuwa babban siwic ba, kuma saƙon da ba a yarda da lambarsa ba ba ya wucewa ta nan. Da hannunsa ya kulle kansa a waje.

Dole ya sauka ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene, wanda aka fi shekara ba a buɗe ba, ya jona kwamfutarsa kai tsaye. Ransa a ɓace yake, shugabansa na ta kira. Da ya ja akwatin ƙarfen da na'urar ke ciki, ya ga ɗan baƙin maciji a naɗe a bayan siwic ɗin, inda fanka ke huro ɗumi. Macijin bai fasa kai ba, kallonsa kawai ya yi. Injiniya ya ɗauki sifana ya murƙushe masa kai, ya ture gawar lungu da ƙafa. Ya sa lambar a kan hanyoyin biyu, ya adana saitin, komai ya dawo daidai.

Kwana uku ana jifan gidan, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu suka ji murya daga ɗakin girki, kamar mace tana rarrashin jariri. A na biyar Lauya ta daina cin abinci, ta daina magana. Ta wuni tana fuskantar bango. Da duhu ya fara sauka ta juyo a hankali, ta dubi mahaifinta da idanun da ba su san shi ba.

"Arba'in," ta ce, da wata murya mai kauri ta tsohuwa. "Ƙofa ta ashirin da biyar da ta ashirin da shida. Ina tsaye a bayanka kana rubutawa, jininsa bai bushe a takalminka ba."

A tsaye a nan Injiniya ya gaya wa matarsa komai. Ta yafa mayafi ta tafi ta kira tsohon malamin da ya karantar da ita Alƙur'ani tana yarinya.

Malam ya zo washegari kafin magariba. Ya zauna a ƙasa nesa kaɗan da yarinyar, ya sa uwar ta riƙe ta, ya fara karatu a hankali. Aka daɗe. Hasken taga ya koma ja, ya koma toka. Sai jikin Lauya ya sanƙare, ta yi wani nishi mai tsawo.

"Wace ce ke?" Malam ya tambaya.

"Uwar wanda ya kashe."

"Me kike nema a jikin baiwar Allah?"

"Ɗa ya ɗauke mini, ɗa zan ɗauke masa. Sanyi ne ya kai yarona wurin ɗumi. Shekara guda yana kwana a can, bai taɓa kowa ba."

"Ya zo da siffar da ɗan Adam ke tsoro."

"To ya ce masa ya fita? Ko sau ɗaya ya yi masa gargaɗi?"

Malam ya juya ga Injiniya. "Ka yi, ɗana?"

"Ban yi ba, Malam," in ji Injiniya, kansa a ƙasa.

"An cuce ki," Malam ya ce mata. "Amma yarinyar nan ba ta kashe miki kowa ba. In kika zauna a jikinta, ke ce azzaluma, kuma ba zan tashi daga nan ba." Ya ci gaba da karatu da ƙarfi. Yarinyar ta riƙa murɗewa har uwar ta kusa sakinta, duwatsu suna zuba a kan kwano kamar ƙanƙara.

"Tsaya," muryar ta ce a ƙarshe. "Gawarsa tana nan a lungun. Ya ɗauko ta da hannunsa ya binne. Ya fitar da na'urarsa daga ɗakin."

"Za a yi."

"Kuma hannun da ya riƙe ƙarfen nawa ne."

"Wannan ba ni da ikon ba ki, kuma ba ki da..."

"Na ba ta," in ji Injiniya. "Ta sakar mini 'yata."

Malam ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Yarinyar ta yi wata dariya gajeriya mara daɗin ji, ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Jifan ya tsaya. Can ta buɗe ido ta ce da muryarta, "Mama, ƙishirwa nake ji."

A bakin ƙofa Malam ya ce masa, "Gaggawa ka yi, ɗana. Da ka bar ni da ita."

Da safe Injiniya ya kwance siwic ɗin ya mayar da shi hawa na farko, ya sake jona kebul biyun, ya tabbatar lambar arba'in tana wucewa. Sannan ya koma lungun ya ɗauko gawar, ta bushe kamar tsinke, ya naɗe ta a farin ƙyalle. Ya haƙa rami a bayan ginin, gindin katanga, ya sa ta. Yana cikin mayar da ƙasa shebur ɗin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi rufuwa. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya durƙusa ya ƙarasa binnewar da hagu.