Asabar a Falon Yaya Dogo

Ranar Asabar ce, wajen ƙarfe biyu na rana, ya fara ganinta.

Yaya Dogo, abokinsa tun makaranta, shi ya roƙe shi ya zo ya duba musu makirfo. Su uku ne suke da wani shiri da suke ɗorawa a intanet: su sauke labule, su kalli fim ɗin ban tsoro, in ya ƙare su kunna kyamarar waya su yi masa sharhi, su ba shi maki. Masu kallo sun fara yawa, amma ƙorafin kowa ɗaya ne, ba a jin muryarsu sosai. Shi kuwa gyaran murya ne aikinsa a gidan rediyo, har sunansa ya ɓace, kowa sai dai Mai Sauti.

Yana durƙushe yana warware wayar makirfo sai wata budurwa ta shigo da ƙatuwar roba cike da gugguru, ɗaya hannun riƙe da ledar biskit da gyaɗa.

"Ƙanwata ce," in ji Yaya Dogo. "Sista muke ce mata, a ɗakin tiyata take aiki. Waccan mai surutun kuma ƙawarta ce, Aku."

"Sannu da aiki," ta ce, tana murmushi. "Kai ne za ka sa duniya ta ji mu?"

Ya ɗago ya dube ta. Wayar da ya gama warwarewa ta sake cukurkuɗewa a hannunsa.

Da ya gama ya ɗauki jakarsa zai tafi, suka ce atafau sai ya zauna an kalla da shi. Kunya ta hana shi faɗa musu cewa rabonsa da irin wannan fim tun yana firamare. Ya zauna a kujerar gefen taga. Fim ɗin wasu iyali ne da suka tare a tsohon gida, kullum suna jin tafiya a saman silin. Ba a yi rabin awa ba ya runtse ido.

"Yanzu," ya faɗa a hankali.

Nan take wata fuska ta faɗo a allon. Aku ta ƙwalla ƙara, ta watsa wa Yaya Dogo gyaɗa a jiki. Sista ko gezau, sai ma ta juyo tana kallonsa.

"Ya aka yi ka sani? Idonka fa a rufe yake."

"Kiɗan ne ya ɗauke. In suka ɗauke sauti, to akwai abin da ke tafe."

"Wato tsoro kake ji."

"Sosai ma," ya ce.

Ta yi dariya har ta dafe baki. Ita dai ba abin da ke ba ta tsoro a fim. A wajen sharhi ta ce jinin da suka zuba ya cika ja, ba mai ciwon da ke zubar da irinsa, ta ba su uku cikin goma. Aku ta ba su tara, don har yanzu ƙirjinta bai daina bugawa ba. Shi ya ba mai haɗa sautin takwas, ya ce sauran bai gani ba. Masu kallo suka yi ta rubuto cewa a dawo da matsoracin nan.

Haka ya zama na huɗunsu. Kowace Asabar yana zuwa da kwalaben lemo masu sanyi, ita tana zuwa da gugguru, ta zuba masa nasa daban a kofi don ta lura ba ya son mai sukari. Shi ke tafiya da muryoyin ya gyara. Sau da yawa aikin awa ɗaya sai ya kai shi uku, don yana isowa inda take dariya sai ya mayar baya.

Wata Talata da safe saƙonta ya shigo.

"Matsoraci, an tashi lafiya? Jiya na ga wata 'yar tsana a shago, irin ta fim ɗin makon jiya. Na so in saya maka."

Ya rubuta ya goge sau huɗu kafin ya tura.

"Ki rufa mini asiri, Jaruma. Ni da nake kirga kwanaki tun daga Lahadi, kada ki sa in ji tsoron Asabar."

"Kwanakin me kake kirgawa?"

"Na ganinki. Fim ɗin ai ba kallo nake ba."

Wayar ta yi shiru har azahar. Ya kasa cin abinci, ya sa wa labaran rana kiɗan da ba nasu ba, sai da mai gabatarwa ta ƙwanƙwasa masa gilashi. Can sai ga amsa.

"Yi haƙuri, tiyata muka shiga. Ni ma kirgawa nake. Saura huɗu."

Watanni shida suka yi a haka. Ranar da ya ce yana son ya turo manyansa, ta sunkuyar da kai ta ce bari ta fara shaida wa Baba.

Baba tsohon mai gyaran wutar lantarki ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda ya yi shekara talatin yana hawa tsani don 'ya'yansa su yi karatu. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya cire tabarau.

"Wanda kuke zaman kallon dodanni da shi? Ke da yayanki na ƙyale ku ne don a gida kuke. Amma namijin da zai ɓata yininsa yana ihu a gaban talabijin, shi zan ɗauki 'yata in ba?"

"Baba, yana da aikinsa, kuma..."

"Likitan nan na wurin aikinku sau biyu yana zuwa gaishe ni. Mutum ne kamili. Na ce masa ya turo."

Ba ta iya musu da Baba ba. Ta koma ɗaki ta kifa kai a gado. Ba ta faɗa wa Mai Sauti ba, tana ganin za ta lallaɓa ta shawo kan tsohon tukuna.

Asabar ɗin da ta biyo baya, bayan an gama sharhi, maza suka fita salla aka bar makirfo a kunne. Washegari yana gyaran murya a ofis, abin ji a kunnensa, sai ya ji Aku a ƙarshen faifan tana raɗa.

"To ya maganar likitan?"

"Baba ya riga ya ce masa ya turo," in ji muryar Sista. "Ni kuwa kin san ban taɓa tsallake maganar Baba ba."

Daga nan batirin ya mutu.

Ya saurara sau bakwai, ko zai ji wani abu a bayan kalmomin. Ya gyara shirin tsaf, ya yanke wannan guntun, ya tura wa Yaya Dogo tare da saƙon cewa aiki ya yi masa yawa, ba zai ƙara samun zuwa ba. Ita kuma ya rubuta mata layi ɗaya.

"Allah ya sanya alheri, Jaruma. Ki bi maganar Baba."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira, ya kife wayar a tebur ya zauna yana kallon bayanta.

Asabar biyar suka wuce.

A falon Yaya Dogo ba wanda ya zauna a kujerar gefen taga. Sista takan zuba gugguru marar sukari a kofi, sai ta tuna, ta mayar cikin roba. Fim na tafiya, kiɗa ya ɗauke, ta juya tana jiran a ce "yanzu", ba mai cewa. Karo na farko a rayuwarta ta zabura da wata inuwa ta gilma a allo, har lemo ya zube mata a zani. Ba wanda ya yi mata dariya. A wajen sharhi ta ce biyar, ba ta ƙara kalma ba.

Shi kuwa ranar Asabar da ƙarfe biyu sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya wanke kayan da ba su yi datti ba. Sau ɗaya ya sayi lemo huɗu, sai da ya iso bakin layinsu ya tsaya, ya hango labulen falon a sauke, ya juya. Yana kallon shirin a wayarsa, muryoyin sun koma can ƙasa kamar daga rijiya, ya ƙure sautin don ya ji nata. Ya ga ta rame. Ya ce wa kansa hidimar biki ce.

Aku ce ta gaji. Ta tsare Yaya Dogo da tambaya har ya tuna cewa ranar da suka yi raɗar likita an bar makirfo a kunne. Ta dafe ƙirji, ta ruga ta faɗa wa ƙawarta.

Ranar Litinin da hantsi, mai gadin gidan rediyo ya leƙo ya ce ana sallama da Mai Sauti. Ya fito ya same ta tsaye a inuwar bango, da farin kayan aikinta.

"Kai da aikinka saurare ne," ta ce, "sai ka ji rabin magana ka yanke hukunci?"

"Na ji kin ce ba kya tsallake maganar Baba."

"Na ce. Ka ji abin da na ce bayan nan?"

"Batirin ya mutu."

"Na ce amma wannan karon zan durƙusa in yi ta roƙonsa har ya gaji, don ban iya zama da kowa ba in ba kai ba. Likitan ma na same shi na faɗa masa gaskiya, ya janye da mutuncinsa. Ni ina can ina fama, kai kana nan kana yi mini addu'ar alheri."

Idonsa ya kawo ruwa.

"Ki yafe mini. Tsoro na ji in tambaye ki, ki ce haka ne."

"Na sani," ta ce, tana share ido da bayan hannu. "Ka zo ranar Asabar. Baba ya ce zai zo ya ga abin da muke yi da idonsa."

Ranar ya zo tun ƙarfe ɗaya, da guga a kayansa. Baba ya iso da sandarsa, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya zauna a tsakiyar doguwar kujera. Aku ta miƙa masa gyaɗa, ya ce a'a. Aka sauke labule.

Fim ɗin wani otal ne da fitilunsa ke ta kawowa suna ɗaukewa. Minti ashirin Baba bai motsa ba. Can ya nuna allon da sanda.

"Wannan ai ba aljani ba ne. Waya ce ta saki a cikin bango."

"Baba, fatalwa ce," in ji Yaya Dogo.

"Fatalwar me? Su kira mai gyara mana. Ji wannan sakaran, zai shiga ɗaki da duhu bai duba fis ba!"

Hannunsa ya kai kan gyaɗar bai sani ba. Da matar cikin madubi ta miƙo hannu, Baba ya ce "A'uzubillahi!" da ƙarfi, sandar ta faɗi. Ya waiga ko an gan shi, sai idonsa ya sauka kan Mai Sauti, wanda ya runtse ido gam, gumi na bin goshinsa.

Da aka kunna kyamara Baba ya ce ba shi a ciki, amma a rubuta ya ba su biyu, saboda aikin wutarsu. Bayan an kashe, ya dubi saurayin.

"Kai, samari. Na ga ba ka kalla ba."

"Tsoro nake ji, Baba."

"To me ke kawo ka kullum?"

Mai Sauti ya sauko daga kujera ya durƙusa.

"Farko aiki ne ya kawo ni, Baba. Daga baya ita ce. Ba zan ɓoye muku ba."

Baba ya gyara zama. Ya tambaye shi aikinsa, da iyayensa, da inda yake zaune, ya amsa ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara gishiri ba.

"Na ga maza da yawa masu cika baki," in ji Baba daga ƙarshe. "Wanda zai ce yana jin tsoro a gaban surukinsa, ban cika gani ba. Ba na jin za ka yi wa 'yata ƙarya. Ka ce wa mahaifinka ina jiransa."

Sista ta tashi da gudu ta shige kicin. Aku ta bi ta, ana jiyo kukansu da dariyarsu a haɗe.

Bayan wata uku aka ɗaura aure, da safiyar wata Juma'a mai haske. Da yamma, mota na jira a ƙofar gida, amarya ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka, ango a gefenta. Baba ya dafa kanta.

"Tun kina ƙarama ba ki taɓa roƙona wani abu sau biyu ba sai wannan," ya ce. "Na ba ki da zuciya ɗaya. Kai kuma ɗana, ga amana nan. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku haƙuri da juna, ya albarkaci zuriyarku."

Duk wanda ke tsakar gidan ya ce amin.

A cikin mota ta jingina da kujera, idanunta jajir. Ya kamo hannunta a hankali.

"Jarumata, kukan ya isa haka."

"Bar ni in yi," ta ce, tana ƙara riƙe hannunsa. "Na daɗi ne."