Baitin Yaya

"Kashe kiɗan nan!"

'Yar Amshi ce ta daka tsawar daga bakin ƙofa. Mai kiɗa ya kashe. Ɗakin gwajin waƙa ya yi tsit.

Tun daga matakala 'Yar Amshi ta jiyo muryar Dogo, mutumin da za ta aura nan da sati uku, yana zuba baitin yayanta.

Su huɗu suka kafa ƙungiyar hip-hop ɗin: ita, da Yaya, da Dogo, da mai kiɗa. Da Yaya ya rasu a hatsarin mota suka yi alkawari: in an zo baitinsa a kan dandamali, kiɗa ya tafi shi kaɗai, layi goma sha shida, ba mai buɗe baki. Shekara huɗu ba wanda ya karya.

"Masoyiyata, tsaya ki ji..." in ji Dogo.

"Riƙe masoyiyarka."

"Manaja ne ya ce shirun yana kashe wasa. Yaran yanzu ba su san Yaya ba, waya suke dannawa. Wasanmu na ƙarshe kujeru sun fi mutane yawa."

"Manajan da ya daɗe yana hure maka kunne ka ware kai kaɗai? Yau ya ba ka bakin mamaci, gobe nawa zai ba ka."

Dogo ya buga makirufo a tebur.

"Ai ni na rubuta masa baitin! Ya rera, aka tafa masa. Ya mutu, har shirunsa ake tafa wa. Ni fa?"

Ta tsaya tana kallonsa. A kan wannan mutumin ta yi shekaru tana kai ruwa rana da mahaifinta, tsoho yana cewa waƙa ta ci masa ɗa, ba zai ƙara mata da 'ya ba.

"Na san kai ka rubuta. Ya faɗa min a gadon asibiti kafin ya cika. Ya ce ranar aurenmu in sanar da jama'a."

Dogo ya kawar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Ashe kai kuwa da kabari kake kishi. Wanda bai ƙyale matacce ba, ina zai ƙyale mai rai?"

"Zuciyata... don Allah..."

Ta zare zoben baikonsu, ta ajiye kusa da makirufon, ta juya ga mai kiɗa.

"Goge muryata daga sababbin waƙoƙin."

"Ƙanwata, duka taran?"

"Duka."

"In kika fita ƙungiya ta mutu fa," in ji Dogo.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tsaya a kan mai kiɗa yana gogewa ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa a fili. Da ta ce tara ta ɗauki jakarta.

Ta sauka matakala, ta fita titi.