Layin da Ya Ce Kufena

Umair ya zo Kwarbai ya ɗauki hoton littafin kakan Malam Lado, shafi bayan shafi. Aikinsa ke nan a wani ɗakin adana tsofaffin takardu: ya ɗauki hoto, ya rubuta bayanin littafi, ya sa a intanet don masu bincike. Littafin na magani ne, da ajami. Kakan ya lissafa itatuwa da saiwoyin gindin dutsen Kufena, da cutar da kowanne ke warkarwa.

Tayyiba, autar Malam Lado, ita ta kai masa ruwa zaure. Ya ɗago ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Shafin da ke gabansa sai da ya yi ta sake ɗaukarsa.

Aiki ya ƙare, zuwa bai ƙare ba. Ya tura mata saƙo: "Tauraruwata, na duba hotunan nan kaf. Wanda ya fi kyau shi ne ban ɗauka ba."

Ta amsa: "Malam mai hoto, ka dai iya baki. In da gaske kake, turo magabatanka."

Ya turo. Manoma ne daga wani ƙauye kusa da Kufena. Malam Lado ya karɓe su fuska ba walwala, ya ce zai yi shawara.

Ana cikin haka Jumare ya shigo, ɗan wan Malam Lado, wanda ya daɗe yana son Tayyiba ba ta kula shi. Tana tsakar gida ta ji muryarsa a zaure.

"Baba, dubi abin da Umair ya rubuta a kan littafinmu. Kufena! Duniya na karantawa. Ya kwashe gadon kakanmu ya kai ƙauyensu."

Malam Lado ya kira ta. "Mu 'yan cikin ganuwa ne. Wanda ya fitar da kakana bayan gari ba zai zama surukina ba."

Ta shige ɗaki tana kuka, ta rubuta: "Umair, ka goge kalmar nan. Kalma ɗaya ce. Ka zaɓa, ni ko ita."

Ya zo da kansa, ya durƙusa a zaure. Tayyiba ta laɓe bayan labule.

"Baba, layi biyu ne. Na sama yana faɗin inda littafi yake: gidan Malam Lado, Kwarbai, cikin birnin Zariya. Na ƙasa yana faɗin yankin da littafin ke magana a kansa. Jumare na ƙasan kawai ya nuna maka."

"Goge na ƙasan."

"Baba, mai neman saiwar Kufena da layin nan zai gano littafin. Kuma ba ni na ce Kufena ba, kakanka ne. In na goge, na yi masa ƙarya."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Da ya isa gida ya rubuto: "Tauraruwata, ki yafe mini. In na yi wa mamaci ƙarya don in same ki, wata rana ke zan yi wa."

Ta karanta, ta kife wayar. Haushinsa take ji, sonsa kuma ya ƙi raguwa. Abinci ya daina shiga. Kwanaki suka shuɗe, gidan shiru, sai Jumare da ke ta sintiri da goro da turare.

Wata safiya ta fito shara, ta tarar da mahaifinta zaune da littafin a cinya, yana bin layi da yatsa. Bai ɗago ba.

"Da ina yaro kakana ya taɓa goya ni har gindin dutsen nan," in ji shi. "Can ƙafata ta warke." Ya rufe littafin. "Kin rame. Har yanzu shi kike so?"

"Shi, Baba."

"Mai taurin kai ne."

"Irin naka, Baba."

Ya harare ta. Bayan azahar ya aika Kufena aka kira magabatan Umair. Aka tsayar da rana bayan ƙaramar salla. Malam Lado ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a mai gaskiya. Tayyiba ta ce amin a bayan labule, hawaye na zuba.

Baƙi na fita Jumare ya faɗo zauren, ko sallama babu.

"Baba, layin nan fa yana nan, bai goge ba! Ɗan ƙauye za ka ba 'yar gidan nan? Ni naka ne. Ka fasa, ka ba ni."

Malam Lado ya miƙe, ya gyara rigarsa.

"Na riga na ba shi. Ba zan fasa ba."