Mai Aiki a Bayan Rumbu

Ran da aka fara jifa a gidan Rabi'u, babu abin da ya bambanta yammacin da sauran. Rana ta yi ja ta kwanta bayan rumbunan Urafane, matarsa Hindu tana tuƙa ɗan tuwon dare, shi kuma yana kan tabarma da kwamfutar ofis a cinya, yana shigar da sunayen magidantan da za a ba hatsin agaji. Sai dutse ya faɗo tsakar gida. Na biyu ya sauka bakin randa, na uku ya daki murfin tukunya. Rabi'u ya leƙa waje da zagi a bakinsa, bai ga ko kaza ba. Da ya dawo ya ɗauki ɗaya, sai ya ji shi a jiƙe, da sanyi, har da gansakuka. Ƙasar Urafane yashi ce, kuma rabonta da ruwan sama wata bakwai ke nan.

Shekarar ce da damina ta yanke tun gero bai fid da kai ba, sojoji kuma suka karɓe mulki a Yamai. Rabi'u sakatare ne a ofishin gari, mutum mai son tsari, wanda ko hula bai ajiye ta a karkace. Kwamfutarsa ta dame shi da nawa. Kafin ta buɗe takarda ɗaya sai ka yi alwala ka dawo, batir kuwa ya ƙare aiki bai je ko'ina ba. Matiyu, mai gyaran na'urori daga Tasawa, shi ya buɗe masa wani dogon jerin sunayen ayyukan da ke gudana a cikinta, wanda bai taɓa gani ba.

"Ka ga waɗanga? Duk aiki suke a ɓoye, suna cin ƙarfin ordinatar," in ji Matiyu. "Wanda ka tabbata ba ka buƙata, kashe shi. Wanda ba ka san aikinshi ba, bar shi yadda ka iske shi."

Rabin farko na maganar ya zauna a kan Rabi'u daram, rabi na biyu ya bi iska. Na'ura ta koma gudu, shi kuma ya ga kamar an ba shi makullin duniya. Ya dawo gida yana neman abin kashewa. Ya hana kunna fitila biyu. Ya hana jiƙa wa jaki dusa. Daga nan idonsa ya kai ga 'yarsa Zara'u, mai shekara goma sha huɗu, wadda kullum magariba takan ɗebi ruwa ƙwarya guda ta zuba a gindin wani tsohon kututturen tsamiya a bayan rumbu. Kakarta ce ta bar mata wannan aiki kafin ta rasu, ba ta kuwa faɗi dalili ba.

"Malam, Inna ta ce kar a fasa," Hindu ta faɗa a hankali.

"Ta ce don mi?"

"Ba ta ce ba."

"To abin da ba a san amfaninshi ba ba ya shan ruwana a shekara irin wagga."

Washegari ya tone kututturen, aka faskara, aka yi tuwon kwana huɗu da shi. A yammaci na biyar aka fara jifan.

Kwana uku ana yi, kullum tsakanin magariba da isha'i, sannan ya tsaya. Tsayawar ta fi jifan muni. Zara'u ta daina magana. Takan zauna bakin ramin da aka tone, ta sa ido a ƙasa. Abinci ba ta kallonsa, sai ruwa, moɗa bayan moɗa, amma leɓɓanta a tsattsage kamar ƙasan tafki a rani. A asibitin gari aka auna ta aka ce ba zazzaɓi. Rabi'u ya ga 'yarsa tana ramewa a gaban idonsa, tsoro ya shige shi irin wanda bai taɓa sani ba. Ya rufe kwamfuta, ya hau babur zuwa Gidan Amumune, ya ɗauko Malam Ishaƙu, tsohon da ake kira idan abu ya fi ƙarfin allura.

Malam bai zo da kayan ban tsoro ba, buta ce da carbi. Bayan sallar magariba ya sa aka zaunar da yarinyar a kan tabarma, ya fara karatu a hankali. Unguwa ta yi tsit, har awaki suka bar kuka. Can Zara'u ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai amo, kamar daga cikin rami ake maganar.

"Sassauta, Malam. Ba faɗa ya kawo ni ba."

"Wane ne kai?"

"Tambayar da mai gidan ga bai yi ba ke nan."

Rabi'u ya zauna a ƙasa.

"Rijiyar unguwar ga, kakanshi ya gina ta," in ji muryar. "Gaba arba'in anka yi ba a iske ruwa ba. Ni na buɗe mishi idon ruwa. Tun ran nan nike riƙe da shi. Rijiyoyi nawa sunka ƙafe bana? Tasu ta ƙafe? Duwatsun da na jefo daga gindinta na ɗebo su, ko ya gane. Ban nemi rago ba, ban nemi kaza ba. Inuwar zama da ƙwaryar ruwa, shi ke nan."

"Zan mai da," Rabi'u ya faɗa. "Tulu guda kullum. Zan dasa wata tsamiyar."

"Ka ƙone mazaunina ka ci tuwo da shi. Kafin wata ta girma shekara nawa? Yanzu nan nike zaune, kuma wurin ya yi mini."

"Jikin 'yar Adam ba masauki ba ne," in ji Malam Ishaƙu. "Ka ji tsoron Allah da ya halicce mu da ku."

"Ina jin tsoronShi, shi ya sa nike tambaya. Biyu ce. In zauna cikin ɗiyar, rijiya ta ci gaba da ba da ruwa. Ko in tahi, in saki abin da nike riƙe. Mai gida, kai da ka iya kashewa, zaɓi."

Malam ya juya ya dubi Rabi'u. Hindu ta toshe baki da gyale tana kuka ba sauti. Gida sittin ke sha a rijiyar nan, Rabi'u ya san su ɗaya bayan ɗaya, shi ya rubuta sunayensu da na 'ya'yansu. Rijiya mafi kusa bayan wannan tafiyar rabin yini ce a kan jaki. Ya dubi wuyan Zara'u da ya zama kamar kara, ya ji kunya da baƙin ciki sun cika masa ƙirji, amma bai daɗe yana tunani ba.

"Bar mini ɗiyata."

"Na bari."

Wata iska mai sanyi ta bi ta ƙafafunsu ta fice ta ƙofar gida. Zara'u ta sulale a jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nike ji," da muryarta ta kullum. Ta cinye tuwon da ya rage, ta yi barci har da minshari. Malam ya yi addu'a, ya ƙi karɓar komai, ya ce a mai da shi gida da sassafe.

Rabi'u ya dawo daga kai shi rana ta ɗan ɗaga. Tun daga nesa ya hango matan unguwa sun yi cincirindo a bakin rijiya, babu mai hira. Fadimatu, maƙwabciyarsa mai goyon tagwaye, tana jan igiya, igiyar tana zuwa da sauƙi fiye da kima. Guga ya fito, ta kifar da shi, busasshen yashi ya zubo. Ta sake zurawa, ya sake fitowa da yashi. Sai ta hango shi ta tare hanya.

"Sakatare, kai ka san manya. Ka rubuta musu, ka ce rijiyarmu ta tsaya dare ɗaya. Wallahi ba mu san abin da munka yi ba."

Rabi'u ya kashe babur. Ta bayan katanga yana jin Zara'u tana dariya da uwarta.

"Zan rubuta," ya ce.